Ganin haske mafi rauni: yadda na'urar APD ke aiki, da dalilin da ya sa ba a sallame ta ba

Cibiyar binciken nukiliya ta Turai, CERN, ta tsara dakatar da babbar na'urarta ta haɗa ƙwayoyin zarra karo, wato LHC, daga tsakiyar shekarar 2026 har zuwa wajen 2030, domin a yi mata garambawul. A wannan aiki za a ciro sassa da dama a musanya su da sababbi. Amma a cikin CMS, ɗaya daga manyan na'urorin da ke lura da abin da karon ke haifarwa, akwai wasu ƙananan idanun lantarki masu jin haske guda 122,400, kowanne bai kai faɗin farcen ƙaramin yatsa ba, waɗanda aka yanke shawarar a bar su inda suke. Abin da za a sauya musu shi ne kayan lantarkin da ke karanta saƙonsu, sai kuma sanyi: za a sauke zafin wurin daga digiri 18 zuwa kimanin digiri 9 a ma'aunin Salshiyos.

Waɗannan idanu su ne ake kira APD. Mai bibiyar labaran fasaha zai iya rikicewa a nan, domin a tallan wayoyi da motoci da injinan asibiti sunayen da ake ta ji yanzu su ne SPAD da SiPM, har wasu na cewa APD ta zama tsohon yayi. Ga kuma wata tsohuwar na'ura mai kama da ƙwan fitila, PMT, ita ma mai gano haske mai rauni, wadda aka ƙirƙira tun shekarun 1930, amma har yau Japan na sayen dubbanta don sabbin gwaje-gwaje. Wanne ne ya fi? Tambayar ba ta da amsa ɗaya, kuma dalilin hakan yana cikin yadda kowannensu ke aiki.

Matsalar asali

Haske ba ya zuwa kamar ruwan famfo da ke kwarara babu yankewa. Ƙwaya-ƙwaya yake zuwa, kuma kowace ƙwaya ana kiranta foton. Albert Einstein ne ya bayyana haka a 1905, kuma dokar da ya fitar daga wannan bayanin ce aka ambata da suna lokacin da aka ba shi kyautar Nobel ta 1921. A rana tsaka ƙwayoyin suna da yawan da ba wanda zai lura da rabuwarsu. Sai an koma ga haske mai rauni ƙwarai, irin na tauraro mai nisa ko ƙyallin da ƙwayar jini ɗaya ke fitarwa, sannan ƙirga ke zama dole.

Idon lantarki na yau da kullum, irin wanda ke cikin talabijin yana karɓar umarnin rimot, ɗan guntun silikon ne. Foton ɗaya ya shiga, ya ɓamɓare elektaron ɗaya, wato ƙwayar da ke ɗauke da lantarki, daga mazauninsa, ya bar gurbi a wurin. Elektaron da gurbin su kama hanyoyi biyu mabambanta, wannan motsi shi ne saƙon. Foton ɗaya, elektaron ɗaya, babu ƙari. Silikon ya iya wannan aiki sosai: a cikin foton goma, yakan kama kusan takwas.

Matsalar tana gaba. Saƙon elektaron ɗaya ya yi ƙanƙantar da ba za a iya karanta shi ba sai an bi da shi ta amfilifaya, ita kuwa amfilifaya tana da nata shuuu ɗin, irin wanda ake ji a rediyo idan ba a kama tasha ba. Masana na kiran wannan hayaniya. A na'ura mai sauri, hayaniyar amfilifaya takan kai daidai da motsin ɗaruruwa ko dubban elektaron. Mutum ne ya yi raɗa a tsakiyar kasuwa, sannan aka kawo lasifika: lasifikar za ta ɗaga raɗar, ta ɗaga hayaniyar kasuwar tare da ita, ba a ci riba ba. Mafita ita ce a ɗaga muryar tun kafin ta shiga kasuwa. Abin da APD ke yi ke nan: tana ninka saƙon a cikin silikon ɗin kansa, kafin ya isa ga amfilifaya.

Yadda ninkin ke faruwa

Harafin farko na sunan APD ya fito ne daga kalmar da Turawa ke kiran zaftarewar dusar ƙanƙara daga saman dutse, inda ɗan dunƙule ke gangarowa yana kwaso wasu har ya zama tudu. Sauran haruffan biyu na nufin diyod mai jin haske, wato irin idon silikon ɗin da aka bayyana a sama.

Ana ɗora wa silikon ɗin wutar lantarki ta baibai, mai ƙarfi, daga bolt ɗari zuwa ɗari huɗu ko fiye. A cikin wani siririn sashe na na'urar, ƙarfin lantarkin yakan wuce bolt dubu ɗari a kowace santimita. Elektaron ɗin da foton ya saki, idan ya shiga wannan sashe, sai ya yi gudun da in ya bangaji wata zarra zai ɓamɓare wani elektaron. Biyu su zama huɗu, huɗu su zama takwas. Kafin su fita, ɗaya ya zama hamsin ko ɗari, wani lokaci ɗaruruwa. Wannan adadi shi ne ninkin na'urar.

Sai dai ninkin ba ya zuwa daidai wa daida. Idan an ce ninki hamsin, matsakaici ake nufi. Wani elektaron zai haifar da talatin, wani tamanin, domin kowace bangaza sa'a ce. Kamar mai awo ne da ke cika mudu wani lokaci da tozo, wani lokaci a shafe: a buhu ɗari lissafin zai daidaita, amma a mudu uku ba za ka san ainihin abin da ka saya ba. Wannan rashin tabbas ƙarin hayaniya ne da APD ke kawowa da kanta.

Robert McIntyre, wani masani da ke aiki a reshen kamfanin RCA na Kanada, ya fitar da lissafin wannan al'amari a 1966, kuma har yau da shi ake aiki. Abin da ya nuna shi ne, hayaniyar ta dogara ne kan ko elektaron kaɗai ke yin bangazar, ko gurabun ma suna yi. Gurbi yana tafiya ne baya, don haka idan shi ma yana ɓamɓare wasu, zaftarewar takan riƙa komawa tana sake farawa, tsawonta ya zama ba a iya hasashe. A silikon, gurbi ba ya bangaza sai kaɗan, kimanin kashi biyu cikin ɗari na abin da elektaron ke yi a na'urori masu kyau. Shi ya sa silikon ya dace da wannan aiki. A jamaniyom kuwa su biyun kusan kunnen doki suke, hayaniyar ta yi yawa.

Daga nan wata ƙa'ida ta fito wadda sabon shiga yakan yi kuskure a kanta. Ƙara wuta domin a ƙara ninki ba kullum yake gyara awo ba. Da farko yana taimakawa, saboda saƙon yana tserewa hayaniyar amfilifaya. Da zarar ya tsere mata, duk ƙarin da aka yi hayaniyar zaftarewar kawai yake ƙarawa. Kowace na'ura tana da wurin da ya fi dacewa a tsaya, kuma nemo wannan wuri shi ne rabin aikin injiniya.

Sunaye uku, iyali ɗaya

APD, SPAD da SiPM duk zaftarewa ɗaya suke amfani da ita. Bambancin yana ga yawan wutar da aka ɗora da kuma yadda aka jera su.

Kowace irin wannan na'ura tana da wata iyaka ta wuta. Ƙasa da iyakar, zaftarewar takan mutu da kanta, kuma saƙon da ya fito yana bin yawan hasken da ya shiga: haske ya ninka biyu, saƙo ya ninka biyu. Wannan ita ce APD ta asali. Ma'auni ce, tana faɗin yawa, amma galibi ba ta iya ganin foton ɗaya tak.

Idan aka haura iyakar da 'yan bolt kaɗan, sai labari ya sauya. Foton ɗaya zai tayar da zaftarewar da ba ta tsayawa, kamar tartsatsi a busasshiyar ciyawa lokacin hunturu. Ninkin yakan kai dubu ɗari zuwa miliyan. Dole a sa wata dabara da za ta rage wutar nan take ta kashe gobarar, sannan ta mayar da ita domin jiran foton na gaba. Wannan ita ce SPAD, kuma ana kiran wannan salo salon Geiger, saboda ya yi kama da na'urar Geiger mai ƙas-ƙas da ake auna tururin nukiliya da ita. SPAD tana ganin foton ɗaya, tana kuma faɗin lokacin zuwansa da daidaito mai ban mamaki. Amma ko foton ɗaya ya shiga ko goma a lokaci guda, amsarta ɗaya ce: an ga haske. Bayan kowace gobara tana makancewa na 'yan nanosakan, wato kashi-kashi cikin biliyan na sakan. Kuma zafi kaɗai, ba tare da wani haske ba, yakan saki elektaron ya tayar da gobarar ƙarya. Wannan ake kira ƙirgan duhu.

SiPM kuwa dabara ce ta magance rashin iya ƙirgan SPAD. Ana jera ɗaruruwa ko dubban ƙananan SPAD a kan guntun silikon ɗaya, a haɗa saƙonsu. Idan bakwai suka kama, an san kimanin foton bakwai ne suka zo. Tana aiki da wuta kaɗan, bolt 'yan gomomi. Nata aibin shi ne ƙirgan duhu mai yawa, ga kuma wani abu: gobarar da ta tashi a ɗaki ɗaya tana fitar da ɗan haske nata, wanda kan iya kunna maƙwabcinsa. Sannan idan haske ya yi yawa har dukkan ɗakunan suka kama, ƙirga ya tsaya.

Wani abu da ya faru a 2010 ya nuna cewa wannan bambanci ba na takarda ba ne. Masu bincike a jami'ar kimiyya da fasaha ta Trondheim a ƙasar Norway, ciki har da Vadim Makarov, sun nuna cewa za a iya yaudarar wasu na'urorin aika saƙon sirri da ke dogara da foton ɗaiɗai. Sun haska wa SPAD ɗin haske mai ƙarfi har wutarta ta faɗi ƙasa da iyaka, ta koma APD ta asali, ta daina jin foton ɗaya, sannan suka riƙa sa ta amsa yadda suke so. An sanar da kamfanonin da suka ƙera na'urorin kafin a wallafa binciken domin su toshe ɓarakar.

Tarihin a taƙaice

Ana danganta ƙirƙirar APD ga injiniyan Japan Jun-ichi Nishizawa a 1952. A shekarun 1960 Roland Haitz ya yi nazarin salon Geiger a silikon, McIntyre ya kafa lissafin hayaniya. Sergio Cova da abokan aikinsa a Milan ta Italiya suka ɓullo da hanyar kashe zaftarewa cikin sauri da lantarki, abin da ya mayar da SPAD kayan aiki na gaske. SiPM kuma daga ɗakunan binciken Rasha ta fito a shekarun 1990. Abin da ya fi yaɗa APD a duniya shi ne sadarwa ta wayar gilashi, inda ake buƙatar kama hasken da ya raunana bayan tafiyar kilomitoci da yawa.

Abin da CMS ta koyar

Babu misalin da ya fi CMS nuna yadda ake zaɓe tsakanin waɗannan na'urori, domin a can an rasa hanya ne sai wannan.

Aikin sashen da ake magana shi ne auna ƙarfin foton masu tsananin kuzari da ke fitowa daga karo. An jera lu'ulu'u 75,848 da aka haɗa daga dalma da tungistan, kowanne tsawonsa kimanin santimita 23, ya fi ƙarfe nauyi amma yana gani garau kamar gilashi. An yi su ne a Rasha da Sin. Idan foton mai kuzari ya shiga, lu'ulu'un yakan yi ƙyalli mai launin shuɗi, kuma yawan ƙyallin shi ke nuna ƙarfin foton ɗin. An zaɓi wannan lu'ulu'u ne saboda yana da sauri, yana fitar da mafi yawan haskensa cikin nanosakan 25, daidai da tazarar da ke tsakanin karo da karo, sau miliyan 40 a sakan. Aibinsa shi ne rowa: haskensa kaɗan ne ƙwarai idan aka kwatanta da sauran irinsa.

Haske kaɗan yana buƙatar ninki. A al'ada PMT za a ɗauko. Amma dukkan sashen yana zaune ne a cikin maganaɗisu mai ƙarfin tesla 3.8, fiye da ninki biyu na injin MRI mai tesla 1.5 da aka saba gani a asibitoci. A cikin PMT elektaron na tashi ne a sarari daga faranti zuwa faranti, maganaɗisu kuwa yana karkatar da su, na'urar ta daina aiki. Diyod marar ninki ba ta damu da maganaɗisu ba, amma ba ta ɗaga saƙon, kuma kaurin silikon ɗinta yana sa duk ɓarɓashin da ya ratsa ta ya bar saƙon ƙarya mai girma. APD ce ta cika sharuɗɗan: tana ninkawa, maganaɗisu bai dame ta ba, kuma sashenta mai jin haske siriri ne ƙwarai, 'yan maikuromita kaɗan, wato kashi-kashi cikin miliyan na mita.

Kamfanin Hamamatsu na Japan ya ƙera su tare da masanan CMS. Kowace faɗinta milimita 5 sau 5, an manna biyu a bayan kowane lu'ulu'u na tsakiyar na'urar, su 61,200, shi ya ba da 122,400. Ana tafiyar da su a ninki 50, da wuta kusan bolt 400.

Ga abin da aka biya. A wannan ninki, ƙarin hayaniyar ya kai kusan biyu, ma'ana daidaiton awon ya zama kamar rabin hasken kawai aka kama. Sauyin bolt ɗaya yana sauya ninkin da kimanin kashi 3 cikin ɗari. Ƙarin zafi na digiri ɗaya yana rage ninkin da fiye da kashi 2 cikin ɗari, domin zarra masu zafi suna girgiza suna tare wa elektaron hanya kafin ya yi gudun da ake so, kuma lu'ulu'un kansa yana rage haske da kusan wannan adadi. Masu binciken kuwa suna neman awon da kuskurensa bai kai kashi ɗaya cikin ɗari ba. Saboda haka aka zagaye tan-tan na lu'ulu'u da bututun ruwa, aka riƙe zafin a digiri 18 ba tare da ya motsa fiye da kashi biyar cikin ɗari na digiri ɗaya ba. Wannan kaɗai aiki ne na injiniyoyi da yawa.

A bakuna biyu na na'urar, inda ɓarɓashin nukiliya ya fi zuba, ba a sa APD ba sam. An yi amfani da wani ƙaramin bututu mai jure wannan duka, saboda ɓarɓashin da ake kira niyutiron na lalata tsarin silikon a hankali, yana ƙara wutar da ke yoyo a cikinsa ko da babu haske.

Da aka fara karo, sai wata matsala ta bayyana. Lokaci-lokaci wani ɓarɓashi yakan faɗa cikin APD ɗin kai tsaye, ya bar saƙo mai girma kamar an ga foton mai tsananin kuzari. An gano yadda za a tace su: foton na gaske yana watsa haskensa zuwa lu'ulu'un da ke maƙwabtaka, na ƙarya kuwa a ɗaki ɗaya yake tsayawa, kuma yana riga na gaske isowa, tunda bai jira ƙyallin lu'ulu'u ba.

Duk da haka, na'urar ta yi abin da aka gina ta dominsa. Ranar 4 ga Yuli 2012 aka sanar da gano ƙwayar Higgs, kuma ɗaya daga hujjoji mafi ƙarfi ita ce rabewarta zuwa foton biyu, abin da ke faruwa sau biyu kacal cikin dubu. A ɓangaren CMS, waɗannan APD ne suka auna mafi yawan foton ɗin. Ita kuwa ATLAS, takwarar CMS a ɗaya gefen zoben mai tsawon kilomita 27, ta bi wata hanya dabam da ruwan iskar argon, ta kuma samu sakamako iri ɗaya.

Yanzu dalilin ƙarin sanyin ya fito fili. Shekarun duka sun ƙara yoyon wuta a cikin APD ɗin, yoyo kuwa hayaniya ne, kuma bayan garambawul karon zai ƙaru sau da yawa. Sanyi yana rage yoyon, yana kuma ƙara hasken lu'ulu'un. Ciro su a manna wasu yana nufin wargaza sashen gaba ɗaya. A sababbin sassan da ake ginawa kuwa, CMS ɗin nan dai ta zaɓi SiPM a wasu wurare, a wasu kuma wata sabuwar 'yar'uwar APD mai ƙaramin ninki, LGAD, domin auna lokaci. Na'ura ɗaya, amsoshi uku.

Hujjojin kowane ɓangare

Masu riƙe da PMT suna da hujja mai ƙarfi: faɗi. Na'urar Super-Kamiokande da ke ƙarƙashin dutse a Japan tana da tan 50,000 na ruwa, an zagaye shi da PMT sama da 11,000, kowanne faɗin bakinsa santimita 50. Rufe irin wannan bango da silikon zai ci kuɗin da ba a iya biya, ƙirgan duhunsa kuma zai binne saƙon. PMT tana ninkawa sau miliyan da hayaniya kaɗan. Shi ya sa magajiyarta da ake ginawa, Hyper-Kamiokande, ita ma PMT ta zaɓa. Masu suka kuma suna nuna cewa PMT tana kama foton ɗaya ne cikin uku ko huɗu, tana buƙatar bolt dubu ko fiye, tana tsoron maganaɗisu, ga ta gilashi. A watan Nuwamba 2001 bututu ɗaya ya fashe a Super-Kamiokande, girgizar ta bi ruwa ta farfasa fiye da rabin sauran cikin ƙiftawar ido.

Masu SiPM suna kafa hujja da na'urar hangen nesa ta FACT a tsibirin La Palma, wadda ta fara aiki a 2011 da idanu 1,440 na salon Geiger, tana iya kallo ko da farin wata, lokacin da masu PMT kan rage wuta ko su rufe. Masu APD ta asali kuma suna cewa inda haske yake da ɗan yawa, kuma ake son sanin adadinsa daidai daga ƙarami zuwa babba, ba ta da na biyu, domin ba ta cika ta tsaya kamar SiPM.

Launin haske ma yana yanke hukunci. Silikon ba ya ganin hasken da tsawon zangonsa ya wuce kimanin nanomita 1,100 (nanomita kashi ɗaya ne cikin biliyan na mita). Sadarwar wayar gilashi kuwa tana aiki ne a 1,310 da 1,550, don haka ake amfani da wani haɗi na indiyom da galiyom da asanik, mai tsada da hayaniya, wanda ninkinsa ba ya wuce 'yan gomomi. Masu ƙera idon lesa na motoci, mai auna nisan abin da ke gaba, sun rabu biyu a kan wannan. Wasu sun zaɓi nanomita 905 saboda silikon mai arha yana gani, amma wannan haske yana ratsawa har bayan idon mutum, dole a taƙaita ƙarfinsa. Wasu sun zaɓi 1,550, wanda ruwan gaban ido ke shanyewa, ana iya ƙara masa ƙarfi ya hango nesa, amma kayan sun fi tsada.

Akwai wani haɗi da ya kusan kuɓuta daga matsalar McIntyre, na makyuri da kadmiyom da teluriyom, inda elektaron kaɗai ke bangaza, ninkin ya fito kusan babu ƙarin hayaniya. Sai an sanyaya shi ƙwarai yake aiki. Irinsa ne ke cikin na'urar GRAVITY a dutsen Paranal na ƙasar Chile, wadda ta bi tauraron S2 a 2018 lokacin da ya gifta kusa da baƙin ramin da ke tsakiyar tarin taurarinmu, aikin da ke cikin abin da ya kai Reinhard Genzel ga kyautar Nobel ta 2020. A can ƙarshe kuma akwai wasu siraran wayoyi da ke kama fiye da foton tara cikin goma, amma sai an sauke su zuwa 'yan digiri kaɗan sama da sanyi mafi ƙarshe da ake iya kaiwa, abin da ya taƙaita su ga manyan ɗakunan bincike.

Inda abin ya taɓa mutane

A asibiti abin ya fi bayyana. Injin PET, da ake neman cutar daji da shi, yana kama foton biyu da ke fita daga jikin majiyyaci a lokaci guda ta fuskoki biyu masu kishiyantar juna. Shekaru da yawa ba a iya haɗa shi da MRI a inji ɗaya ba saboda PMT ba ta jure maganaɗisu. Injin Biograph mMR da Siemens ta fitar a wajen 2010 zuwa 2011 ya warware wannan da APD. Amma APD ba ta da saurin da za ta faɗi wanne foton ya riga isowa. SiPM tana iya bambance tazarar kimanin fikosakan 200, wato kashi 200 cikin tiriliyan na sakan, wanda ke nuna wurin da hasken ya fito cikin santimita 3. Sakamakon shi ne hoto mai kyau cikin ɗan lokaci, ko rage yawan maganin nukiliyar da ake yi wa majiyyaci allura. A wannan fage SiPM ta karɓe wuri, kuma da hujja.

Injinan ƙirga ƙwayoyin jini da lesa, irin waɗanda ake ƙirga CD4 ko tantance sankarar jini da su, a da PMT suke amfani da ita. Wasu sababbi, kamar CytoFLEX na Beckman Coulter, sun koma APD, saboda ta fi jin jan haske kuma tana ba da damar ƙera ƙaramin injin da zai zauna a kan tebur.

Idan aikin hanya ya tsinke wayar intanet ta ƙarƙashin ƙasa, abin da ke yawan faruwa a Najeriya, ma'aikaci yana jona wata na'ura da ke harba haske cikin wayar tana sauraron ɗan abin da ya dawo. A cikin gilashi haske na yin kimanin kilomita 200,000 a sakan, don haka jinkirin kashi ɗaya cikin miliyan na sakan yana nufin mita 100, tunda hasken zuwa da dawowa yake yi. APD ce ke kama wannan raunannen haske, ita ke sa a haƙa wuri ɗaya maimakon a bi kilomita ashirin ana lalube.

Daga sama ma haka. Na'urar MOLA da ta tafi duniyar Mars a kumbon da aka harba a 1996 ta zana taswirar tuddai da kwaruruwanta da awo sama da miliyan 600, da lesa da APD ta silikon. GEDI, da aka kai tashar sararin samaniya ta ƙasa da ƙasa a Disamba 2018, tana auna tsayin bishiyoyi ta wannan hanya, kuma hanyar tashar tana bi ta kan Najeriya da Nijar. Idon lesa da Apple ta sa a iPad Pro da iPhone 12 Pro a 2020 kuwa jerin SPAD ne.

Ga jami'a ko asibitin da ke shirin sayen inji mai irin waɗannan idanu a wuri kamar Kano ko Damagaram, inda zafin Afrilu ke haura digiri 40, lissafin CMS yana da amfani kai tsaye. Na'urar da ninkinta ke sauyawa da kashi biyu cikin ɗari a kowane digiri za ta ba da sakamako dabam da safe da kuma azahar, idan ba ta da abin daidaita zafi a cikinta ko dabarar gyara wuta gwargwadon zafin. Yawancin injinan kasuwa suna da ɗaya daga cikin biyun, amma an ƙayyade musu iyakar zafin ɗakin da za su yi aiki a ciki, kuma tana rubuce a takardar injin. Tambayoyin da ya kamata a yi wa dillali su ne wane launin haske za a auna, yawansa nawa, ana son adadinsa ne ko lokacin zuwansa, mene ne iyakar zafin ɗaki, kuma sau nawa ake buƙatar sake daidaita injin bayan ɗaukewar wuta.